Tambaya da Amsa: Wa ke da wane fayil a rumbun manhaja?

Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a kan manhaja ɗaya, an kasa mu rukuni uku: masu fuskar manhaja, masu sabar, da masu harkar biyan kuɗi. Rumbunmu, wato ma'ajiyar fayilolin manhajar, ɗaya ne a shafin GitHub. Kullum sai wani ya taɓa fayil ɗin da ba nasa ba, masu shi ba sa ji sai abu ya lalace. Ina mafita? (Mai karatu daga Kaduna)

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuke bukata fayil ne guda mai suna CODEOWNERS, da manyan haruffa duka, ba wutsiya irin ta .txt. A cikinsa ake rubuta wa ke da wane fayil, domin GitHub ya kira mai shi ya duba duk canjin da ya taɓa fayil ɗinsa. GitHub ya shigo da shi a 2017, ya kuma kwaikwayo shi ne daga fayilolin OWNERS da masu burauzar Chromium ke amfani da su. Wuri uku ake ajiye shi: cikin folda .github, ko a tushen rumbu, ko cikin folda docs. Idan an sami fiye da ɗaya, GitHub yana bin wannan jerin ne, wanda ya fara gani shi zai ɗauka.

Kowane layi hanyar fayil ko folda ce a hagu, mai ita a dama. Naku zai iya zama haka:

`* @kamfani/jagorori`
`/web/ @kamfani/fuska`
`/api/ @kamfani/sabar`
`/api/biya/ @kamfani/kudi`

A nan ne mutane suka fi tafka kuskure, don haka a natsu. Idan fayil ɗaya ya dace da layi biyu ko uku, layin ƙarshe ne ke cin nasara, sauran kuma a watsar da su gaba ɗaya. Fayil da ke cikin /api/biya/ ya dace da layi na ɗaya, na uku da na huɗu, amma rukunin kuɗi kaɗai za a kira. Wanda ya mayar da layin tauraro (*, mai nufin dukkan fayiloli) ƙasa ya kashe duk abin da ke samansa: jagorori sun mallaki komai ke nan, sauran rukunai ko sanarwa ba za su samu ba. Saboda haka a fara da mai faɗi a sama, a yi ta ƙuntatawa zuwa ƙasa.

Shi fayil ɗin da kansa gayyatar duba canji kawai yake aikawa. Ba ya hana kowa haɗe canjinsa. Sai kun shiga saitin kariyar babban reshe (asalin kwafin manhajar da ake haɗe canjin kowa a cikinsa) kun kunna zaɓin da aka rubuta "Require review from Code Owners" kafin GitHub ya fara tare ƙofa. Ku kuma ƙara layi ɗaya a ƙarshe wanda zai ba jagorori mallakar shi kansa CODEOWNERS ɗin. In ba haka ba, kowa na iya goge sunan rukunin da ya dame shi.

Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki: idan aka jera rukuni biyu a layi ɗaya, amincewar ɗaya daga cikinsu ta wadatar. Ba a jiran na biyun. A GitLab, wani shafi irin GitHub, akwai hanyar da ta fi wannan, domin ana iya raba fayil ɗin sashe-sashe, kowane sashe a duba shi daban, har a faɗi adadin mutanen da sai sun amince.

Na rubuta fayil ɗin, amma ba a kiran kowa. Me na yi ba daidai ba? (Mai karatu daga Maraɗi)

Malama, fara da duba izini, don nan ne matsalar ta fi ɓuya. Dole a ba rukunin izinin rubutu a rumbun a matsayinsa na rukuni, ko da kowane mamba yana da nasa izinin daban, kuma rukunin ba zai kasance na sirri ba. Buɗe fayil ɗin a shafin GitHub. Yana nuna layukan da ke da kuskure, kuma duk layin da ya karye tsallake shi ake yi.

Idan izini lafiya lau ne, duba reshen da za a haɗe canjin a cikinsa, domin CODEOWNERS na wancan reshen ake karantawa, ba wanda ke cikin reshenki na aiki ba. Buƙatar haɗewa (pull request, wato neman a shigar da canji cikin reshe) da aka buɗe a matsayin daftari ma ba ta kiran kowa sai an ce ta shirya. Sai haruffa: /Web/ daban, /web/ daban. Tsarin rubutun ya yi kama da na .gitignore (fayil ɗin da ake jera abin da ba a so ya shiga rumbu), sai dai alamar motsin rai (!) da ake warewa da ita ba ta aiki a nan. In kina son wata folda ta zama ba mai ita, rubuta hanyarta a ƙasa ki bar gabanta fili. Haka kuma docs/* yana kama fayilolin da ke bakin folda ne kawai, ba ya shiga ƙananan foldoji. Fayil ɗin da ya kai megabayit 3 ba a karanta shi sam, ko da yake da wuya ƙaramin kamfani ya kai nan. Idan rumbun na sirri ne kuma kuna kan tsarin kyauta, sai kun koma na biya.

Sunan mutum ya fi ko na rukuni? (Ɗalibi daga Zariya)

Na rukuni, ba tantama. Mutum yana tafiya hutu, yana rashin lafiya, yana barin aiki, canje-canje su yi ta taruwa a bakin ƙofarsa. GitHub kuma ba ya barin mutum ya amince da canjin da shi ya rubuta, don haka rukuni mai mutum ɗaya ma tarko ne. A sa aƙalla mutum biyu, uku ya fi.

Wajen rabon, kada a bi muƙami. Umarnin `git shortlog -sn -- api/biya/` zai jero waɗanda suka taɓa wannan folda da yawan canjin kowa. A haɗa da `--since` a taƙaita shi zuwa shekarar da ta wuce, saboda wanda ya gina wuri shekara huɗu baya ba lallai ya san halin da yake ciki yau ba. Idan ka ga rukuni uku suna jayayya a kan folda ɗaya, galibi foldar ce ta haɗa ayyukan da ba su da alaƙa. A raba ta tukuna, sannan a rubuta layin kowa.