Abin Da Ke Sa Lambar Tantance Fayil Ta Saɓa Tsakanin Windows Da Linux

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa sikirif ɗin da ka rubuta don tantance fayilolin da muke kwafa wa masu kawo mana aiki a shagon nan na Kano yake cewa lambobin ba su yi daidai ba, alhali fayil ɗin da ka ɗauko daga Linux shi ne ka kai Windows. Lissafin SHA-256, wato hanyar fitar da lambar tantancewa daga abin da ke cikin fayil, ba ya canzawa don an canza kwamfuta. Muddin bayit ɗin fayil, wato ƙananan ɓangarorin bayanan da ke cikinsa, ba su taɓu ba, lamba guda mai alamomi 64 ce za ta fito a ko'ina.

Ka fara duba yadda kake kwatantawa, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. Umarnin Get-FileHash na PowerShell a Windows yana rubuta lambar da manyan baƙaƙe, sha256sum na Linux yana rubuta ta da ƙanana tare da sunan fayil a gefe, certutil na Windows kuwa yana ƙara layin bayani sama da ƙasa. Dole sikirif ɗinka ya tsamo lambar kaɗai, ya mayar da ita ƙananan baƙaƙe, kafin ya kwatanta. Haka nan shasum na macOS da certutil, idan ba ka faɗa musu irin lissafin da kake so ba, wani lissafin daban mai suna SHA-1 za su ba ka, kuma za ka gane ta da alamominta 40.

Idan bayan wannan ba su dace ba, to fayil ɗin ne ya canza a hanya, ko da ido bai gani ba. A fayil ɗin rubutu, Windows yana rufe kowane layi da bayit biyu, CR da LF, Linux da macOS da LF kaɗai, kuma Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, yakan sauya su da kansa idan an kunna saitinsa na core.autocrlf. Bayit ɗaya ya isa ya birkita lambar baki ɗaya.

Ni a ganina, ka daina dogara da umarnin kowane tsari. Ka yi lissafin da hashlib na Python, ka buɗe fayil da "rb" don a karanta bayit ɗin yadda suke, kaɗan-kaɗan idan fayil ɗin babba ne. MD5 da ka ambata, wadda ita ma hanya ce ta fitar da lambar tantancewa, tana iya gano kwafin da ya lalace, amma tun 2004 aka nuna cewa ana iya haɗa fayiloli biyu mabambanta su ba da lamba ɗaya, don haka kada ka tantance manhajar da aka sauko da ita daga intanet da ita.