Filin Tambaya da Amsa: Sabuwar Dikoda, Tsohuwar Amfilifaya, Allo Baƙi Ƙirin

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan dikodar da ta ƙi jituwa da tsofaffin kayan kallo na gida. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi dikoda mai 4K, wato hoto mai tsananin tsabta, da sabon talabijin, amma amfilifayata ta hannu ce, ƙirar 2012, mai lasifika biyar da ta gangar ƙasa. In na bi da wayar HDMI ta cikin amfilifaya zuwa talabijin, allo baƙi nake gani, wani lokacin kuma saƙon kuskure mai ɗauke da HDCP. In na haɗa kai tsaye da talabijin, hoto tangaran. Mai gyara ya ce amfilifayar ta ƙone. Haka ne? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin yar da ita. Abin da ka bayyana ya fi kama da saɓanin zamani tsakanin na'urorin.

HDCP tsarin kariya ne da kamfanin Intel ya ƙirƙira don hana kwafar hoto yayin da yake bin waya daga dikoda zuwa allo. Kafin dikoda ta saki hoto, sai ta yi musabaha da na'urar da ke gabanta, kamar maigadin da ba ya buɗe ƙofa sai ya ga katin shaida. In shaidar ta yi, sai ta kulle hoton da mabuɗin da su biyun kaɗai suka sani. In ba ta yi ba, ta riƙe abinta.

Iyali biyu ne a tsarin. Na farko shi ne HDCP 1, wanda ya tsaya a 1.4, kuma kusan duk kayan da aka ƙera kafin 2014 shi suke ji. A watan Satumba na 2010 babban mabuɗinsa ya fita duniya, Intel ta tabbatar na gaske ne. Shi ya sa masu finafinai suka ƙi yarda a aika 4K da shi, suka jira HDCP 2.2, ɗan iyali na biyu, da ya zo a 2013 da lissafi na daban gaba ɗaya. Wannan lissafin a jikin guntun lantarkin da ke bayan kafar HDMI yake, don haka sabunta manhajar amfilifaya ba zai mayar da 1.4 ya koma 2.2 ba.

Amfilifayarka tana tsakiya. Aikinta ta karɓi hoton a kulle, ta buɗe, ta zare sauti, ta sake kullewa ta miƙa wa talabijin, sannan ta sanar da dikoda jerin duk na'urorin da ke bayanta. Da dikoda ta ga mai 1.4 a layin, ko dai ta sauko da hoto zuwa 1080p, matakin da ke ƙasa da 4K, ko ta ƙi bayarwa sam. Na'ura mafi tsufa a layin ita ke yanke hukunci, ko da talabijin ɗin jiya aka fito da shi daga kwali. Masu amfilifayar 2013 da 2014 su lura: da yawa an rubuta 4K a gabansu, kuma da gaske suna wuce da hoton 4K, amma kariyarsu 1.4 ce. Sai a ƙirar 2015 ne 2.2 ya zama ruwan dare.

Fara da gwaji. Haɗa dikoda kai tsaye da talabijin, shiga saitin hoto, cire shi daga zaɓin kai-da-kai ka tsayar da shi a 1080p ko 1080i, ka kashe HDR, saitin da ke ƙara wa hoto haske da launi. Mayar da wayar ta cikin amfilifaya. In hoto ya fito, amfilifayarka lafiyarta ƙalau.

Shawarar da muka fi so ita ce ka raba hanyar hoto da ta sauti. Hoto ya tafi daga dikoda zuwa talabijin kai tsaye. Duba rubutun da ke jikin kafofin talabijin ko littafinsa, domin a wasu na farkon zamanin 4K kafa ɗaya tak ce ke da 2.2. Sautin kuma yana da hanya uku. In dikodar na da kafar wayar haske, wadda ake rubuta wa Optical ko S/PDIF, ja ta zuwa amfilifaya, ka sa sautin dikoda a Dolby Digital ko Bitstream. In ka bar shi a PCM, wato sautin da ba a matse ba, lasifika biyu kawai za su samu sauti na asali, saboda wayar haske ba ta ɗaukar PCM fiye da layi biyu. Hanya ta biyu ita ce ARC, tsarin da ke mayar da sauti daga talabijin zuwa amfilifaya ta wayar HDMI, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009, kuma amfilifayar 2012 galibi tana da shi: waya daga kafar talabijin mai rubutun ARC zuwa kafar fita ta amfilifaya, sannan a kunna CEC, saitin da ke sa na'urori su yi magana da juna ta HDMI, a duka biyun. Samsung na kiran CEC da Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Wasu tsofaffin talabijin suna matse sautin da ya shigo ta HDMI ya koma layi biyu kafin su mayar wa amfilifaya, don haka duba fuskar amfilifayar ka ga ko ta nuna Dolby Digital. Ta uku ita ce ƙaramar na'urar zare sauti daga HDMI, amma sai wadda aka rubuta mata HDCP 2.2 da 18 Gbps, in ba haka ba ka sake dasa matsalar a wani wurin.

Me ka rasa? Wayar haske ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD. A tashoshin dish wannan ba asara ba ce da za ta dame ka, tunda sautinsu bai kai wannan matakin ba. In bakin mai magana ya saɓa da muryarsa, wato sauti ya riga hoto, nemi saitin jinkirta sauti a amfilifaya ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har su daidaita.

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo. Dikoda ɗaya ce, na raba ta da akwatin rarraba HDMI zuwa talabijin uku da majigi ɗaya mai waya mita 15. Hoto na ɗaukewa yana dawowa, wani lokacin da ɗige-ɗigen fari da baƙi, kuma ya fi yawa bayan an koma janareto. (Mai gidan kallo, Zariya)

Amsa: Malam, a HDCP 1 musabahar ba sau ɗaya ake yi a gama ba. Kusan kowane daƙiƙa 2 dikoda na sake tambayar allo wata lamba don ta tabbatar har yanzu suna tare. Amsa ɗaya ta gurɓace, hoto ya ɗauke a sake daga farko. Ɗige-ɗigen da kake gani hoton ne a kulle, allo ya kasa buɗe shi.

Wannan zancen ba ta manyan jijiyoyin hoto yake bi ba. A cikin fil 19 na kan HDMI, fil na 15 da na 16 ne ke ɗauke da shi, na 18 na kai wutar bolt 5, na 19 kuma shi ke shaida wa dikoda an jona allo. Waɗannan siraran layukan su suka fi saurin gajiya a doguwar waya. Shi ya sa waya za ta iya nuna hoton kwamfuta lafiya amma ta kasa da dikoda.

Cire komai daga akwatin rarrabawa ka bar talabijin ɗaya da gajeriyar waya, mita 2 ko ƙasa. Bar shi minti 10. Ƙara na biyu, sannan na uku, majigin a ƙarshe. Wanda hoto ya fara rawa da shigowarsa, shi ne ko wayarsa. Muna kyautata zaton majigin ne. Wayar tagulla zalla tana fara wahala da 1080 daga wajen mita 10, sai in mai kauri ce ƙwarai. Canza ta da wayar HDMI mai jijiyar haske a ciki, ko na'urorin tsawaita sigina na HDBaseT guda biyu da wayar intanet ta Cat6 a tsakani, waɗanda ke kai mita 70 zuwa 100. Mai jijiyar hasken tana da gaba da baya, an rubuta Source a kan da ke shiga ɓangaren dikoda, Display a na allo. In aka juya ta, ko ɗigo ba za a gani ba. Kuma kada wani ɗan kasuwa ya sayar maka da waya da sunan wai mai HDCP 2.2 ce. Waya ba ta da HDCP, ƙarfin ɗaukar bayanai kawai gare ta.

Akwatin rarrabawar ya zama mai cajarsa ta kansa, kada ya dogara da 'yar wutar da dikoda ke bayarwa ta fil na 18. Ka kuma sani yana miƙa wa dikoda shaidar kowane allo. A takarda HDCP 1 ya yarda da na'urori 127, amma dikoda da yawa ba sa karɓar ko kusa da haka. In allo uku na aiki, amma da ka ƙara na huɗu, ko wanne ne, komai ya mutu, to iyakar dikodar ka taɓa. In akwatin na da maɓallin EDID, wanda ke shaida wa dikoda irin hoton da allo ke karɓa, tsayar da shi a 1080 don kada ya riƙa canza ra'ayi duk lokacin da aka kashe wani allo.

Batun janareto kuwa: wuta na dawowa kowa ya tashi lokaci guda, dikoda ta riga majigi shiryawa, ta yi sallama ba a amsa ba. Kunna su daga ƙarshe zuwa farko, alluna da majigi tukuna, sai akwatin rarrabawa, dikoda daga baya, da tazarar daƙiƙa 15 zuwa 20. In ta riga ta maƙale, kashewa da rimot ba ya isa, zare ta daga soket na minti ɗaya. Ƙaramar UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ga dikoda da akwatin rarrabawa za ta raba ka da yawancin wannan wahalar.

Gargaɗi ɗaya da muke so kowa ya riƙe: kada a cusa ko a zare HDMI kayan na kunne. Inda babu wayar ƙasa mai kyau, jikin dikodar da ke jone da dish da jikin talabijin kan samu bambancin wuta, shi ne ɗan shokin da ake ji in an taɓa kan wayar. Wannan ya isa ya ƙona guntun HDMI, kuma wannan ƙonewar ta gaske ce.

Tambaya: Majigin mahaifinmu tsoho ne, DVI da VGA da ramuka uku, kore, shuɗi, ja, kawai gare shi. Na sayi wayar HDMI zuwa DVI. Kwamfuta na nunawa, dikoda kuwa tambarinta kawai take nunawa sai allo ya yi baƙi. Wani ya ce in sayi akwatin da ke cire HDCP. (Wata ɗaliba daga Maradi)

Amsa: Malama, wayar ba ta da laifi. HDMI da DVI na dijital harshe ɗaya suke yi a ɓangaren hoto. Sai dai ba kowace kafar DVI ce ke da HDCP ba, musamman a majigai da allunan farkon shekarun 2000 da aka yi domin kwamfuta. Fuskar kwamfuta ba a kulle take ba, shi ya sa take fita. Tambarin dikoda ma kafin a kulle yake bayyana. Duba littafin majigin, ko ki nemi tambarin HD ready na Turai, wanda aka fara a 2005, don sharaɗinsa ya haɗa da HDCP a kafar DVI ko HDMI. In akwai PlayStation 4 a kusa, tana da wurin kashe HDCP a saitinta. Ki jona ta da wani talabijin ki kashe HDCP ɗin, sannan ki jona ta da majigin. In hoto ya fito, ya kuma ɓace da kin kunna, kin samu amsa.

In babu HDCP, dubi bayan dikodar. Mai ramuka ukun nan masu launi za ta iya ba ki 720p ko 1080i ta can in kamfanin bai toshe ba. In rami mai launin rawaya kaɗai ke akwai, sai majigin ma yana da irinsa kafin hoton ya fito, kuma ba HD ba. Ki ja shi kai tsaye zuwa majigi, kada ki bi ta cikin tsohuwar bidiyo mai kaset, don akwai tsohuwar kariya ta Macrovision da ke sa hoto ya riƙa haske yana duhu in ya ratsa ta. DVI kuma ba ya kai sauti ga irin wannan majigin, sai ki ja sautin daban zuwa amfilifaya.

Akwatin cire kariya ba mu ba ki shawararsa ba. Ya saɓa wa lasisin HDCP, kuma dokokin ƙasashe da dama sun hana ƙetare irin wannan kariyar, ciki har da dokar Amurka ta 1998 da dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. A ganinmu abin takaici ne mutum ya biya kuɗin tasha ya kasa kallo a kayansa na halal, amma kuɗin da za ki zuba a akwatin da babu tabbacin zai ɗore gara ki tara su ki nemi majigi na hannu mai HDMI.

Tambaya: Yayana ya aiko mini da talabijin daga Amurka. Fim na filasha na yi, amma da dikoda sai ya ce bai gane siginar ba. HDCP ne? (Wani matashi daga Kumasi)

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Tashoshin yankinmu a kan 50 Hz suke, wato hoto na sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka a kan 60 Hz, kuma akwai talabijin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da ba sa karɓar 50. Bambancin alamar ke nan: in HDCP ne, talabijin kan nuna ya ga sigina, har ya rubuta 1080 a kusurwa, hoton ne babu. In 50 Hz ne, cewa zai yi siginar ba irin tasa ba ce. Jona dikodar da wani talabijin, duba ko saitin hotonta na da 60 Hz. In akwai, zaɓe shi, sai dai za ka ga 'yar tangarɗa a motsi mai sauri kamar na ƙwallo. In babu, sai na'urar sauya 50 zuwa 60 mai lasisin HDCP. Ka kuma karanta takardar da ke manne a bayansa: in 120 V kaɗai aka rubuta, taransifoma mai sauko da wuta dole ce, tunda wutar Ghana 230 ce.