Me ya kai ɗaliban ƙera mutum-mutumi makarantun firamare?

Tambaya: 'Yata tana sakandare a nan Amurka, kuma ta shiga ƙungiyar ƙera mutum-mutumi ta makarantarsu, masu shiga gasar FIRST Robotics. Tun watan Satumba ban ga sun ƙera komai ba, sai yawon zuwa firamare da laburare ran Asabar suna nuna wa yara injin bara. Anya ba ɓata lokaci suke ba?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ko sun so ƙera injin bana yanzu ba za su iya ba, domin ba su san irin wasan da zai buga ba. FIRST, wato hukumar da ke shirya gasar, wadda mai ƙirƙira Ba'amurke Dean Kamen ya kafa a 1989, tana canza wasan kowace shekara, kuma sai farkon Janairu take bayyana shi ga duk ƙungiyoyi rana ɗaya. Daga nan makonni kaɗan ke gare su kafin a fara karawa wajen ƙarshen Fabrairu ko Maris, a rufe da babbar gasa a Houston cikin Afrilu. Abin da ake yi kafin Janairu shi ne koya wa sababbin shiga yankan ƙarfe, haɗa wayoyi, zane a kwamfuta da rubuta umarnin da injin zai bi, galibi da harshen kwamfuta na Java. Wannan na ƙarshe yana da wuya, tunda a daƙiƙun farko na kowane wasa ba mai tuƙa injin, shi kaɗai yake tafiya. Ana kuma neman masu ɗaukar nauyi, don kuɗin rajista kaɗai dubban daloli ne.

Zuwa firamaren da ya dame ki kuwa, cikin gasar yake. Lambar yabo mafi girma a FIRST, wato Impact Award (a da Chairman's Award), ba a ba da ita don injin ya fi na kowa zura ƙwallo. Ana ba ƙungiyar da ta nuna wa alƙalai, a rubuce da baki, yadda ta yaɗa sha'awar kimiyya a garinsu tsawon shekaru. Akwai kuma dalili na cikin gida: duk shekara manyan ɗalibai na kammala makaranta su tafi da ƙwarewarsu, kuma yaron da ya riƙe na'urar tuƙi yana ɗan shekara 9 shi ne ake sa ran zai maye gurbinsu. A ganina 'yar taki ma tana ƙaruwa. Wanda ya iya bayyana wa ɗan aji uku dalilin da ya sa giyar inji ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, to ya fahimci abin da gaske.

Inda nake so ki sa ido shi ne daga Janairu zuwa Maris. Lokacin ne ake kaiwa dare a wurin aiki, har aikin gida na makaranta ya fara taruwa. Ki nemi jadawalin daga malamin da ke kula da su tun a Disamba, ku zauna da ita ku tsayar da ranakun da za ta riƙa zuwa.