Tauraron da Kakana Ya Bari

Tambaya: Malam, a cikin akwatin marigayi kakana, wanda ya je yaƙin Bama, mun tarar da wata lamba mai siffar tauraro da wata zagayayya mai hoton zaki, amma babu sunansa a jikinsu. Shin na gaske ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka. Rashin suna ba ya nuna jabu ne, domin lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta ba sojojin Afirka ta Yamma ba a buga musu suna ba. Duba tauraron da kyau: idan na tagulla ne mai tsini shida, da kambin sarauta da harufan Sarki Joji na Shida a tsakiya, kuma ƙyallensa shuɗi ne mai duhu da jan layi mai faɗi a tsakiya da siraran layuka ruwan lemo, to Tauraron Bama ne, na waɗanda suka yi aiki a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. 'Yan Najeriya sun yi yaƙin a runduna ta 81 da ta 82, musamman a yankin Arakan. Zagayayyar kuwa, mai zaki a kan dodo, Lambar Yaƙin 1939 zuwa 1945 ce.

Abin da zai haɗa su da kakanka shi ne littafin sallamarsa daga soja, mai ɗauke da lambar shaidarsa ta aikin soja. Ka nema a wurin dattawan gida. Kada ka goge su da toka ko yashi, kuma kada ka cire tsohon ƙyallen, komai koɗewarsa.