Tambaya da Amsa: Me Gaɓar Dutse Take Nufi a Littattafan Addini?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Na saurari masu wa'azi biyu a lokuta daban-daban, kuma maganganunsu sun bar ni cikin ruɗani. Na farko ya ce duk inda aka ambaci dutse mai tsawo a littafin Allah, ƙarfi da kariya ake nufi. Na biyu kuwa ya ce alama ce ta halaka da bushewar zuciya, ya kafa hujja da ayar mutumin da ya yi gini a bakin gaɓa ta rufta da shi. Bayan haka wani abokin aikina Kirista ya shaida mini cewa a littafinsu Allah da kansa ake kira Dutse. Wanne ne daidai a cikin waɗannan? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya riƙo gefen gaskiya, sai dai biyun farko sun yi gaggawar ɗaure kalma ɗaya da ma'ana ɗaya, abin da nassin bai yi ba. Wani ɓangare na ruɗanin ma daga harshenmu ya taso, domin mu da kalmar dutse muke kiran wanda yaro yake jifa da shi, da falalen da ake shanya a kansa, da tsaunin da ake wuni ana hawa, alhali Larabcin Alƙur'ani ya ba kowanne sunansa: hajar, da sakhra, da jabal, sannan ga aƙaba, wato hanya mai wuyar hawa a jikin tsauni, ga kuma juruf.

Wannan ta ƙarshen ita ce ke cikin ayar da mai wa'azi na biyu ya kawo, aya ta 109 a Suratut Tauba, kuma abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne juruf ba dutse ba ce ko kaɗan. Gaɓar kwari ce ta ƙasa wadda ambaliya ta riƙa ci ta ƙarƙashi har ta rarake ta, ta bar saman yana reto ba abin da ke riƙe da shi. Wanda ya tsaya a kanta zai ga ƙasa shimfiɗe, wataƙila har da ciyawa, ya taka ya ji ƙarfi, domin ɓarnar tana can inda idonsa ba ya kaiwa. Sai wanda ya sauka cikin kwarin ya ɗaga kai ne zai ga kogon da ruwa ya yi, da tsagar da ke bin gefe, da ƙasar da ke zubowa kaɗan-kaɗan ko da iska ba ta kaɗawa. Ayar ta sauka ne game da masallacin da wasu munafukai suka gina a Madina kusa da na Ƙuba, a shekara ta 9 bayan hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) yake shirin fita Tabuka. Sun roƙe shi ya yi salla a ciki, amma a ƙarshen tafiyar Allah ya saukar da ayoyin ya hana shi, ya bayyana cewa don cutarwa da raba kan muminai aka gina shi, daga bisani aka rushe shi. Da wani baƙo zai ratsa garin a lokacin, ba zai iya bambanta wannan gini da kowane masallaci ba, tunda bango bango ne, alƙibla kuma ɗaya ce. Shi ya sa misalin ya dace ƙwarai, domin gaɓar da ruwa ya rarake da gaɓar dutse kamanninsu ɗaya ne ga wanda ke sama, bambancin yana ƙasa, inda niyya take.

Siffar tsayuwa a baki ta maimaitu a wasu wurare. A aya ta 103 ta Suratu Ali Imrana an tunatar da muminai, musamman Ausu da Khazraju, ƙabilu biyu na Madina da suka daɗe suna yaƙar juna, cewa sun kasance a bakin ramin wuta sai Allah ya tsamo su. A aya ta 11 ta Suratul Hajji kuma an siffanta wanda ke bauta wa Allah a gefe, in alheri ya same shi ya natsu, in jarrabawa ta zo ya juya baya.

Idan muka koma ga dutse na gaske, za mu tarar Alƙur'ani ya yarda da ƙarfinsa, tunda ya kira duwatsu turaku a Suratun Naba'i, amma sau da yawa yakan ambaci wannan ƙarfi ne domin ya nuna iyakarsa. Ɗan Annabi Nuhu (AS), da mahaifinsa ya kira shi zuwa jirgi, cewa ya yi zai fake a wani tsauni da zai tsare shi daga ruwa, sai aka amsa masa da cewa babu mai tsarewa a yau daga umarnin Allah. Abin lura, a aya mai bi mata, ta 44 a Suratu Hudu, jirgin ya sauka ne a kan dutsen Judi. Tsauni bai ceci wanda ya dogara da shi ba, tsauni kuma ya karɓi waɗanda suka dogara ga Allah, duk a ruwa guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai wa'azi na farko cewa ƙa'idarsa ba ta tsaya ba. Haka dutsen da Ubangiji ya yi tajalli, wato ya bayyana, gare shi a gaban Annabi Musa (AS) ya niƙe, Musa ya faɗi sumamme, kamar yadda ya zo a aya ta 143 ta Suratul A'arafi, ranar ƙiyama kuma duwatsu za su zama kamar saɓin ulu.

Maganar bushewar zuciya tana da tushe a aya ta 74 ta Suratul Baƙara, inda aka ce zukatan Bani Isra'ila sun ƙeƙashe kamar duwatsu ko fiye. Sai dai ayar ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da wanke dutsen: akwai wanda ƙoramu ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa, akwai wanda ke tsagewa ruwa ya fito, akwai wanda ke gangarowa don tsoron Allah. A ganina wannan ya fi zafi ga mai busasshiyar zuciya, domin an nuna masa ko abin da aka kwatanta shi da shi ya fi shi laushi. Ita kuwa aƙaba ta Suratul Balad, hawa ce da ake zargin mutum don ya ƙi kutsawa cikinta, kuma surar da kanta ta fassara ta da 'yanta bawa, ko ciyar da maraya makusanci ko miskini a ranar yunwa. A nan wuyar hawan ita ce alherin.

Abin da abokin aikinka ya faɗa gaskiya ne game da littafinsu. A Zabura 18:2 Dawuda ya kira Ubangiji dutsensa da kagararsa, a 61:2 ya roƙi a kai shi ga dutsen da ya fi shi tsawo, a 40:2 kuma ya ce an tsamo shi daga taɓo an kafa ƙafafunsa a kan dutse. Wannan harshe ya fito daga rayuwar mutumin da aka yi farautarsa a tsaunuka, kamar yadda littafin Sama'ila na farko ya ba da labarin ɓuyarsa a kogunan En-gedi kusa da Tekun Gishiri, inda mutum ɗaya a saman gaɓa yake iya hango rundunar da ke nemansa tun tana nesa. A Fitowa 33:22 an sa Musa cikin tsagar dutse domin a kare shi yayin da ɗaukakar Ubangiji take wucewa. Karin Magana 30:26 ya yaba wa rema, dabba marar ƙarfi da ta san rauninta ta yi gida a cikin duwatsu. A ƙarshen babi na 7 na Matiyu kuma akwai misalin mai hikima da ya yi gini a kan dutse da wawan da ya yi a kan yashi, aka yi ruwa, ambaliya ta zo, ɗaya ya tsaya ɗaya ya rushe. Mai karatu zai ga kusancinsa da misalin Suratut Tauba ba sai an nuna masa ba. Musulmi dai ba ya kiran Allah Dutse, domin sunayensa a wurinmu sai abin da nassi ya zo da shi, amma ma'anar da ake nufi, wato ƙarfi da abin dogaro, tana cikin sunaye irin su Al-Ƙawiyyu da Al-Matinu da Al-Wakilu.

Duk da haka, shi ma wancan littafi bai bar gaɓar dutse a ma'ana ɗaya ba. Obadiya da Irmiya 49:16 sun yi wa Edom gargaɗi, mutanen da ke zaune a tsagogin duwatsu suna cewa wa zai iya saukar da su, aka ce musu girman kansu ya ruɗe su, ko sun yi sheƙa a sama kamar gaggafa za a sauko da su. A Luka 4:29 kuwa, bakin gaɓar tudun Nazarat ne mutane suka kai Yesu da nufin tura shi ƙasa.

Gargaɗin da aka yi wa Edom shi ne ya fi kusa da ƙissar Samudawa, mutanen Annabi Salihu (AS), waɗanda Suratul Hijri ta ce suna sassaƙa gidaje a jikin duwatsu suna masu amincewa, sai tsawa ta kama su da asuba, abin da suka tara bai amfane su da komai ba. Wurin da ake kira Hijri, ko Mada'in Salih, yana nan a arewa maso yammacin Saudiyya kusa da Al-Ula, kuma a 2008 ya zama wuri na farko a ƙasar da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ya kamata mai ziyara ya sani cewa manyan kaburbura fiye da 100 da ake gani an sassaƙa a fuskar duwatsun, masana tarihi sun danganta su ga Nabaɗawa, mutanen da suka sassaƙa birnin Petra a Jodan kimanin shekaru 2,000 da suka wuce, don haka ba kowace ƙofa da aka ɗauka a hoto za a ce ta Samudawa ba ce.

Saboda haka shawarata, ɗan'uwa, idan ka ci karo da dutse ko gaɓa a aya, ka fara tambayar wace kalma aka yi amfani da ita, sannan wa ke tsaye a wurin, kuma da me ya dogara. Ka kuma bambanta ayar da Allah ya ce misali ce da ƙissar da ke ba da labarin wuri na gaske, kada a mayar da kowane tsauni wata ɓoyayyiyar alama. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijri a tafiyar Tabuka, wato tafiyar nan da a ƙarshenta aka saukar da ayar gaɓa mai ruftawa, ya hana sahabbansa shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, sannan ya lulluɓe kansa ya yi sauri har ya ƙetare kwarin.

Wallahu a'alam.