Ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun maganaɗisu

Ƙanena, saƙonka ya iso, kai ne na huɗu a watan nan. Ka ce ka gama digirin fiziks, ka ga hotona a ɗakin bincike, kana so in nemo maka gurbi a fannina. Da na tambaye ka mene ne fannin, sai ka ce "wai maganaɗisu ne". Gaskiya amsar nan ta ɓata min rai.

In an kawo wuta, je ka tsaya kusa da taransifomar unguwarku. Gurnanin da kake ji, ƙarfen cikinta ne yake miƙewa yana tsukewa saboda maganaɗisu, abin da masanin kimiyyar Ingila James Joule ya auna tun 1842. Mu can cikin ƙwayoyin zarra muke bin wannan. Kowace zarra ta ƙarfe kamar ƙaramar allurar kamfas take. Ɗaya ta karkata, maƙwabciyarta ta bi, har kaɗawar ta ratsa ƙarfen duka. Masanin fiziks Felix Bloch ya bayyana ta a 1930, ita muke kira magnon. Su kansu ƙwayoyin rawa suke a mazauninsu, ita ce fonon. Inda saurin kaɗawar magnon da fonon da tsawon igiyarsu suka zo ɗaya, sai su cakuɗe su zama abu guda. A 2016 masu bincike a Jami'ar Tohoku ta Japan sun ga alamar hakan a YIG, wani dutse mai maganaɗisu da ake haɗawa a ɗakin bincike.

Hoton da ka gani bai nuna maka jira ba. Wata takwas na yi ina jiran izinin amfani da na'urar niyutiron, wadda ake auna magnon da fonon da ita, aka ba ni kwana uku. Daren farko, ana sanyaya samfurina da ruwan hiliyam zuwa Kelvin 4, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ya tsage. Ƙarfe uku na dare, cikin Disamba, ni kaɗai. Da safe ko sannu ba wanda ya ce min, tambayar kawai ita ce yaushe zan haɗa wani. Sai a shekara ta uku na ga layin magnon da na fonon a zanen awona sun matso sun ƙi haɗuwa, da 'yar tazara tsakaninsu, alamar sun cakuɗe. Da hannuna na auno ta, ba wanda ya ba ni.

Gurbi kuwa ba a aljihuna yake ba. Koma ka riƙe lissafin kwantam da ilimin daskararrun abubuwa da kyau, ka duba tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu, ka rubuta wa farfesa da kanka. Ranar da ka iya bayyana min dalilin tazarar nan, turo takardunka in duba. Ka gaida Inna.