Wa ke da ikon korar mai barkwancin?

(Na rubuta muryoyin da Malam ya turo zaure da safen nan, saboda waɗanda ba su samu saurara ba. Yadda ya faɗa haka na rubuta.)

Murya ta farko

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an tashi lafiya. Ku yi haƙuri da murya, in na ce zan rubuta sai azahar ban gama ba, idon kuma ba kamar da ba.

Ƙanena, na ga abin da ka rubuto jiya da dare. In na fahimce ka daidai, cewa ka yi gidan rediyo ko talabijin da ake ɗaukar nauyinsa da kuɗin jama'a bai kamata ya riƙa shirin barkwancin siyasa ba sam, domin duk wanda ka kalla ɓangare ɗaya ake yi wa ba'a, ga shi da kuɗinka ake muzanta wanda ka zaɓa. Hajiya ta ce maka ai 'yancin aikin jarida ke nan, ka ce mata ba 'yanci ba ne, son kai ne. Daga nan kuma sai aka koma jifan juna da sitika. To, tun da na ɗan daɗe a ɗakin labarai kafin in ajiye aiki, bari in sa baki.

Akwai inda ka yi gaskiya, ba zan ɓoye maka ba. Son kai yana nan. Kuma sau da yawa ba wanda ya ba da umarni. Ka tara mutum goma a ɗaki, makarantunsu iri ɗaya, abokansu iri ɗaya, jaridun da suke karantawa iri ɗaya, ka ce su rubuto abin dariya. Abin da yake ba su dariya shi za su rubuto, kuma har ga Allah ba su jin sun karkata. Wannan na gan shi da idona, ni ma na yi.

Amma ƙidayar ba'a da kake yi, a ce an taɓa wannan sau tara an taɓa wancan sau biyu, ba za ta nuna maka komai ba. Mai riƙe da ofis shi ke yin abu kullum. Shi ke rattaba hannu, shi ke alkawari ya saɓa, shi ke tafiya da jerin motoci. Ɗan adawa magana kawai yake yi. Dole wanda ke kan kujera ya fi shan shaguɓe. In kana son gane shirin da ya karkata, ka jira a canja gwamnati. In sababbin suka hau shirin ya koma kansu da irin wancan zafin, to barkwanci ne. In kuwa aka ci gaba da tono tsofaffin da suka sauka, sababbin kuma ana shafa su da mai, to ka kama ɓarawonka.

Murya ta biyu

Yawwa, waccan ta yanke. Ina cewa, ni tambayar da nake yi wa kowane irin wannan gida biyu ce. Wa ke naɗa shugabansa, wa kuma ke iya korarsa? Sannan lalitar kuɗinsa a hannun wa take? Domin mukan haɗa abu biyu a baki ɗaya, gidan gwamnati da gidan al'umma. Gidan gwamnati kakakin mai mulki ne, ba ya ma musun hakan. Gidan al'umma kuwa an kafa shi ne a kan cewa na kowa ne, har da wanda bai zaɓi gwamnatin ba. A takarda ƙasashe da yawa na biyun suke da shi. A aikace sai ka bi waɗannan tambayoyi ka gani.

Ka ɗauki Italiya. A watan Afrilun 2002 Firaminista Silvio Berlusconi yana ziyara a Sofiya, babban birnin Bulgeriya, ya ambaci mutum uku da sunansu a gaban 'yan jarida, ya zarge su da amfani da gidan talabijin na ƙasa, wato RAI, ta hanyar aikata laifi. Biyu 'yan jarida ne, Enzo Biagi da Michele Santoro, na ukun mai barkwanci ne, Daniele Luttazzi. Bai rubuta wa kowa takardar kora ba. Magana kawai ya yi. Amma bayan nan duka ukun suka ɓace daga RAI na tsawon shekaru. Ka tuna kuma a lokacin Berlusconi shi ke da manyan tashoshi masu zaman kansu a ƙasar. To ka gaya mini, mai barkwanci na huɗu da ke zaune yana kallo, me zai rubuta gobe? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai shafa wa naka ruwa kake yi.

Wannan shafa ruwan shi ne ciwon, ba kiran waya ba. Bari in ba ku nawa. A wani gidan da na yi aiki, ba zan kama suna ba, muna da ɗan shirin wasan kwaikwayo na minti goma, ana kwaikwayon wani babba da kullum yake buɗe aikin da ba a gama ba. Ba suna, ba jam'iyya. Mutane suna so ƙwarai. Rannan aka sauya mana shugaba. Wallahi bai taɓa ce mana ku daina ba. Tambaya kawai ya yi a taron safe, wai shin shirin nan yana cikin jadawalin wata uku masu zuwa? Shi ke nan. Mu da kanmu muka fara rage masa gishiri, wannan layin a cire, wancan a sassauta, har ya zama ba mai dariya, sai muka ce ai masu sauraro sun gaji da shi. In da za a kira ni kotu a ce an hana ku, rantsuwa zan yi ba a hana mu ba. Kuma ban yi ƙarya ba. Har yau abin yana cina.

Murya ta uku

Sai ka kwatanta da Jamus. A ƙarshen watan Maris na 2016 wani mai barkwanci, Jan Böhmermann, ya karanta wasu baituka na zambo ga Shugaban Turkiyya Erdogan a tashar ZDF, wadda ta al'umma ce. Ni dai a ganina zambon ƙazami ne, ba abin da zan bari a saka a shirina. Hajiya, ki ji wannan, ba duk abin da aka kira barkwanci ne yake da daraja ba. Tashar ma ta cire shi daga shafinta. Turkiyya ta nemi a gurfanar da shi a ƙarƙashin wata tsohuwar doka da ta hana cin mutuncin shugabannin ƙasashen waje, gwamnatin Angela Merkel ta ba da izinin a bincika. Amma a watan Oktoban shekarar masu gabatar da ƙara suka ajiye maganar, majalisa ta soke dokar daga farkon 2018, wata kotu a Hamburg kuma ta hana maimaita yawancin baitukan. Shi kuwa mutumin ya ci gaba da aikinsa a tashar. Ka lura, an yi rigima, an je kotu, ya ci wani ɓangare ya faɗi wani. Amma ba wani minista da ya iya ɗaga waya ya ce a sallame shi.

Me ya sa? Ba don 'yan siyasar Jamus waliyyai ba ne. An ɗaure musu hannu ne. Kuɗin tashoshin nan kowane gidan zama ke biya, Yuro 18.36 a wata, kuma wani kwamiti mai zaman kansa ne ke duba buƙatarsu ya ba da shawarar adadin, ba ministan kuɗi ba. Sannan a 2014 kotun tsarin mulkinsu ta yanke cewa wakilan gwamnati da na jam'iyyu kada su wuce kashi ɗaya cikin uku a hukumomin da ke sa ido kan ZDF. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa suka yi ƙoƙarin kada ladan ya fito kai tsaye daga hannun mai mulki.

Poland kuwa akasin haka aka yi. A ƙarshen 2015 sabuwar gwamnati ta yi doka ta ba minista ikon naɗa shugabannin gidajen rediyo da talabijin na al'umma, aka ɗora ɗan siyasar jam'iyya mai mulki, Jacek Kurski, a kan TVP, gidan talabijin na ƙasar. Shekara takwas 'yan adawa na kuka an mai da gidan ɗan amshin shata. Da suka hau mulki a Disambar 2023, su ma ministansu ya kori shugabannin a rana ɗaya, har tashar labaran ta ɗauke na ɗan lokaci. Waɗanda suka yi shiru jiya su ne masu ihu yau. Shi ya sa, ƙanena, duk ikon da kake so a ba gwamnatin da kake ƙauna a kan gidan nan, ka fara ƙiyasta shi a hannun wadda ka tsana, don zai je can.

Murya ta huɗu

Na san wani zai ce to BBC fa, tun da ita aka fi sani. Ita ma ba ta tsira ba, kuma rigimar ta girmi yawancinku. Suna da wani shirin shaguɓen siyasa da ya yi tashe daga ƙarshen 1962, That Was The Week That Was, suka dakatar da shi a ƙarshen 1963 da hujjar cewa shekarar zaɓe na tafe. Wato lokacin da aka fi buƙatar a yi wa 'yan siyasa dariya shi ne lokacin da gidan ya ji tsoro. A 2021 kuma suka soke The Mash Report, shirin da masu ra'ayin riƙau suka daɗe suna cewa ya karkata hagu. Gidan ya ce gurbi yake nema wa sababbin shirye-shirye. Wasu suka yarda, wasu suka ce an dai miƙa wuya.

Sai 2023, wadda masu kallon ƙwallo za su tuna. Gary Lineker ya rubuta a Twitter yana sukar kalaman gwamnati kan masu neman mafaka, aka dakatar da shi daga Match of the Day, shirin ƙwallon da yake gabatarwa a lokacin, da sunan kare rashin ɓangaranci. Abokan aikinsa, su Ian Wright da Alan Shearer, suka ce su ma ba za su fito ba, aka nuna shirin na minti 20 ba mai sharhi, cikin 'yan kwanaki aka mai da shi. A daidai wannan lokacin shugaban hukumar gidan, Richard Sharp, wanda ya taɓa ba jam'iyya mai mulki gudummawar kuɗi, yana fuskantar bincike kan rawar da ya taka a batun lamunin bashin da ya kai Fam 800,000 ga tsohon Firaminista Boris Johnson, rawar da bai bayyana ba lokacin da ake tantance shi. A watan Afrilu ya sauka. Ka ga inda nake nufi? Ana ta awon bakin mai sharhin ƙwallo, alhali ƙofar da siyasa ta shigo tana can sama, wurin naɗi. Abin da zan yaba musu ɗaya ne, labarin Sharp da na Lineker a BBC ɗin kanta ma an ba da su, 'yan jaridarta suka titsiye shugabanninsu da tambayoyi. Gidan da zai iya ba da labarin abin kunyarsa da bakinsa, to da sauran numfashinsa.

To me za a yi da ƙorafinka, tun da na ce akwai gaskiya a ciki? Ni ban ga hana barkwancin a matsayin magani ba. In ka hana, ba ka samu adalci ba, shiru ka samu, shiru kuma mai mulki yake yi wa amfani. Abin da nake gani shi ne a faɗaɗa ɗakin marubutan, a shigo da waɗanda dariyarsu ta bambanta. A raba labarai da barkwanci rabuwa ta zahiri, mai kallo ya san wanne yake kallo, domin ma'aunin labarai daban ne, a can kam dole a ji kowane ɓangare kuma ƙarya ba ta da uzuri. A kuma samu wurin kai ƙara na gaske, wanda ba ofishin minista ba, mai amsawa a rubuce. In mai barkwanci ya yi ƙazafi kotu na nan. In ya taɓa addinin mutane ko ƙabilarsu ko nakasarsu, edita ya tsayar da shi tun kafin ya fita, wannan aikin edita ne kuma ba na kiransa danniya. Amma editan ne zai yanke, da sunansa, ya kuma iya kare hukuncinsa a bainar jama'a.

Hajiya, ke kuma tambayar da kika yi a ƙarshe, wai ko a bar su su koma YouTube kowa ya huta. Suna komawa ai, da yawansu ma sun fi samun kuɗi a can. Sai dai a can kowa masoyansa kaɗai yake yi wa wasa, wanda ba ya ra'ayinsa ba zai taɓa cin karo da shi ba, kuma babu editan da zai ce masa wannan layin ƙarya ne, cire shi.

Ƙanena, ka turo mini sunan shirin da ya ɓata maka ran, da kashi biyu ko uku na lokacin gwamnatin da ta gabata in za ka samu, mu kalla mu gwada shi da ma'aunin da na faɗa. Cajina ya kusa ƙarewa. Wassalamu alaikum.